Shekarar da Na Zaɓa wa Injin Zulai Ƙwaƙwalwa

Ni ne mutumin da ya je Kano aka ajiye masa ƙwaƙwalwar inji guda biyu a kan kanta, ya ɗauki kowace a tafin hannu ya jinjina, ya zaɓi wadda ta fi nauyi. Wannan kam na yi, ba wanda ya yi mini ƙazafi. Amma ku 'ya'yana, yadda kuke ba da labarin a wajen suna da biki, kuna dariya har da riƙe ciki, kun mai da ni kamar wanda ya tashi da niyyar kashe wa ƙanwarku sana'a. Shi ya sa na ce kafin a kai ni makwancina bari in faɗi nawa, da wannan guntun bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, inda malamin ya ce tunda na iya rubuta sunana in tafi hakanan, kada in lalata masa sauran ɗalibai.

Kun san sana'ata gyaran keken ɗinki ce. A Gumel in ka ce Garba kawai za a tambaye ka wanne, sai ka ce Garba Kunne. Ba don girman kunnuwan ba ne, ko da yake nan ma Allah bai rage ni da komai ba. Tela zai shigo da kan keke a kafaɗa yana ta zuba bayani, in ce masa ya yi shiru, in juya wilin, in kasa kunne. Tela na iya yi maka ƙarya, ya ce bai taɓa kwance komai ba, amma keke ba ya ƙarya. In ƙoshiya ta cinye akwai ƙararta, in allura na dukan ƙarfe akwai tata, in kuwa mai yake so sai ka ji wani siririn kuka kamar na akuyar da aka manta a rana. Ranar Alhamis in ɗaure akwatina a bayan babur in nufi Maigatari, inda telolin tsallaken iyaka ke jirana da nasu kekunan, suna ce mini Mushe Garba. Wai a Faransancinsu girmamawa ce. Na daɗe kafin in daina jin haushi.

To, sai zamani ya zo da kekunan nan masu aikin wuya, waɗanda a cikinsu akwai wani ɗan faifan roba mai tsini-tsini, mu a rumfa haƙori muke ce masa. In ya karye, kunnena zai gaya mini shi ne, amma hannuna ba abin da zai iya. Babu shi a Gumel, babu a Maigatari, a Kano ma sai an dace. Na fara sallamar mutane da haƙuri, abin da ban saba ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne keken Ilu, abokina tela na Ɗanzomo, Bafillacen da shanu suka ƙi shi ya koma kiwon allura. Kekensa ya yi rani ya shiga bazara a ƙarƙashin bencina. Duk ranar da ya shigo gari sai ya biyo ya leƙa shi kamar mai dubiya, sannan ya juyo kaina da sunan da yake tsokanarmu da shi, mu mutanen Gumel.

"Bamange, ashe kunnen nan naka na jin gulma ne kawai?"

A shekarar ce Zulai, autarmu, ta gama karatun lantarki ta dawo gida. Wani kamfani a Kano ya yi mata tayin aiki, suka ce ta zo bayan kaka. Raina bai so ba, amma bakina bai faɗa ba. Ku mazan duk babu wanda ya tsaya mini a rumfa, kun san kanku, ba sai na kama suna ba. Ita kaɗai ce tun tana 'yar mitsitsiya take zama kusa da ni tana tsince mini notunan da suka faɗi ƙasa. Wata rana ta jawo keken Ilu ta buɗe, ta ciro karyayyen haƙorin tana jujjuya shi, ta ce mini akwai wani inji da ke narka zaren roba, yana ɗora shi sahu kan sahu yadda ake ginin rumbu, har ya fitar maka da abin da ka zana masa. Ta ce za ta iya haɗa shi da hannunta. Na ce mata ni ma na taɓa jin labarin zomon da ya haifi raƙumi. Ba ta yi dariya ba.

"Baba, in ya fitar da haƙorin da zai yi aiki kafin a yanke gero, zan zauna. In bai fitar ba, ka bar ni in tafi Kano."

Haka muka ci daminar nan muna gini. Gangar jikin injin aikina ce, don ƙarfe da sanda da bel ba baƙina ba ne. Ita ta kawo 'yan injinan juyi da take ce wa moto. Ba irin na fanka ba ne mai juyawa babu lissafi. Wannan taki-taki yake tafiya, kuma ba ya ɗaga ƙafa sai an ce masa ɗaga. Mai ba shi umarnin shi ne fanel, wato ƙwaƙwalwar. A kan fanel ɗin kowane moto yana da ɗan direbansa, wani ɗan abu da bai wuce farcen babban yatsa ba. A cikin fanel ɗin kuma ake zuba manhaja, karatun da zai riƙa bi ke nan. Wata la'asar muna zaune a tsakar gida ta yi ta yi mini bayanin manhajar, wai iri biyu ce. Ɗaya a cikin fanel take zaune, ba ta neman taimakon kowa. Ɗayar ta fi sauri, daga waya ma ana gyara ta, amma sai an ajiye mata 'yar kwamfuta a gefe tana yi mata lissafi. Ran Zulai na kan ta biyun, na gani a idonta. Amma ta dubi irin wutarmu ta Gumel, ta dubi batirin sola ɗaya tilo da muke da shi, ta ce kaya biyu ciwo biyu, ta farkon za ta ɗauka. Ni dai ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Innarku na gefe tana tankaɗe, ta tambaye ni ko na gane. Na ce tun kafin yarinyar ta buɗe baki.

Saura fanel. Ta riga ta zaɓi nata: sabon yayi, mai direbobin da ba sa ƙara. Ta yi magana da wani mai shago a Kano, ta nuna mini hotonsa a waya har sau ba adadi, tunda ni ne zan je saro allurai da bel. Aikina ɗaya ne tak, in miƙa hannu in karɓo.

Mai shagon wani saurayi ne mai fara'a. Ya ɗauko abin ya ajiye mini, ɗan falle-falle kamar biskit. Na ɗaga na ji kamar ban ɗauki komai ba. Ni kuwa duk rayuwata na san kan keke mai nauyi shi ne na gaske, mara nauyi na 'yan koyo ne. Sai na tambaye shi ko akwai wani. Ya shiga ciki ya fito da tsohon yayi, bene guda mai hawa biyu, da 'yan ƙarafa a kansa kamar rawani. Na jinjina wannan, na jinjina wancan. Nan ne ku kuke tsayawa da labarin, don nan ne wurin dariya. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Na tambaye shi bambancinsu, ya ce tsohon yana aiki, kowa ya san shi, sai dai ƙara gare shi kamar me, kuma ƙarfin wutar kowane direba da hannu ake saita shi, da wani ɗan mitsitsin noti. Sabon kuwa shiru yake aiki, babu noti, a cikin manhaja ake rubuta masa ƙarfin da ake so. Shi a ganinsa kushe tsohon yake yi. Bai san kirari yake yi masa a kunnena ba. Na tsaya a shagon nan na tambayi kaina: injin da ba ya ƙara, kuma ba shi da inda za a sa sukudireba, ina ni a cikinsa? Yarinyar za ta zauna a rumfata da injinta da wayarta, ni in zama me, mai kora kaji? Wannan shi ne abin da na auna, ba nauyi ba. Nauyin dai hujja ce da na samu ta faɗa wa mutane.

Da na dawo na miƙa mata ƙunshin ina hura hanci. Ta kwance, ta daɗe tana kallonsa. Na ce mata abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta naɗe ledar a hankali.

"To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Sai da ta sake shirya manhajar tun daga farko don ta dace da zaɓina. Ranar da aka kunna shi kuwa, jama'a, na ji daɗi. In ya tafi dama ya yi wata siririyar murya, in ya dawo ya yi kauri, in ya zo zagaye haƙori sai ya haɗa su duka kamar masu goge sun yi gasa. Na jawo kujera na zauna gabansa kamar ango. Kafin mako ya zagayo na san muryar kowane moto. Abin da ban lissafa ba shi ne, haƙori guda sai ya ɗauke shi tun hantsi har la'asar, kuma bangon bayan rumfata shi ne na zauren Malam Isiyaku, maƙwabcinmu mai makarantar allo. Wata safiya sai ga Malam da kansa. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi yabanya, har ya tambayi babur ɗina. Na san ruwa ba ya tsami banza.

"Malam Garba, ɗalibaina sun samu sabon malami a bayan bango. Shi yake ja musu baki yanzu. Kuma na saurara da kyau, ƙira'arsa ba ta cikin bakwai ɗin da muka gada."

Na ba shi haƙuri, na yi alkawarin za a rage. Ban gaya wa Zulai ba, don a ganina wannan aikin kunne ne, kuma mai kunne yana nan. Kwana kaɗan bayan haka ita da Innarku suka tafi bikin suna a Gagarawa Tasha. Ta bar injin yana aiki, ta ce in dai riƙa leƙawa, kada in taɓa. Suna fita kunnena ya gaya mini moton da ke kai kan injin hagu da dama a shaƙe yake. Na ɗauko ƙaramar sukudirebata ta ƙarfe, wuta na jiki, na nufi ɗan notin. Karambanin akuya, gai da kura. Hannuna ya ɗan goce, na ji tas, wani ɗan hayaƙi ya tashi mai warin ƙonannen gashi. Kan injin ya tsaya cak a gefe guda, ya ci gaba da zubo roba kamar mai murza taliya. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina yi wa teloli faɗa kada su buɗe abin da ba su sani ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Tun daga zaure ta ji warin. Kafin ta tambaya na ce ni ne, don babu akuyar da zan ɗora wa. Ta ciro ƙonannen direban, ta sa wani da ta ajiye, ta ce ba komai. Wannan ba komai ɗin ya fi mini zagi ciwo. Kuma ko bayan ta gyara, abin bai zauna ba. In ta rage wutar sai moto ya tsallake taki, sahun roba ya goce, haƙorin ya fito a karkace kamar rumbun da makaho ya gina. In ta ƙara sai direban ya ɗau zafi ya tsaya ya huta a tsakiyar aiki, ga zafin garinmu da ba ya buƙatar taimako. Da ƙyar muka samu guda mai kama da haƙori, na sa wa keken Ilu. Ya zo da murnarsa, ya ɗora wuyan wata riga, bai kai rabi ba keken ya cije. Ya dube ni, ya ce ko nonon da aka tsinka da ruwa ya fi wannan haƙorin amana. Na sunkuya na hau kwance haƙorin, Ilu ya dubi fuskata, bai ƙara ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Gero ya fara nuna. Na lura Zulai ta rage zama a rumfa, ta wanke kayanta, ta sauko da akwati daga kan durowa. Ba ta yi fushi ba, gaisuwarta ba ta ragu ba, abincina ma ita ke kawo mini. Ni kuwa ina ta gaya wa kaina ai injin ne bai yi ba, dama na faɗa tun farko. Wata rana ina cin tuwo, Innarku ta zauna nesa kaɗan tana gyaran wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, yarinyar nan ba inji ne ya gagare ta ba. Ta san abin da za ta sa masa tun ranar farko. Kunyar ta ce maka ka yi kuskure ce za ta kai ta Kano."

Na ce to ai baki gare ta, me ya hana ta faɗa. Innarku ta ci gaba da tsince wakenta. Na gama tuwon ban ji ɗanɗanon miyar ba. Na yi ta juya maganar, na ga ashe ni na tsaya tsakanin yarinyar da injinta, ina riƙe da sukudireba, don kada a manta da ni. Kuma in ta tafi, ba rumfar za a manta ba, ni ɗin dai za a bari da kekunan da ba zan iya gyarawa ba, da injin da ke yi wa Malam Isiyaku waƙa.

Na koma Kano ban gaya wa kowa abin da zai kai ni ba. Saurayin nan na hango ni ya washe baki, ya ce wa maƙwabcinsa ga Baba mai sikeli ya dawo. Ya ce tsohon ba zai karɓu ba tunda an yi aiki da shi. Na ce dama ban zo mayarwa ba. Ya ɗauko falle-fallen ya ɗora mini a tafin hannu, ya tambaye ni ko zan ƙara aunawa. Na ce ya naɗe mini kafin in auna masa mari. Da na iso gida na kira Zulai a gaban Innarku, na miƙa mata, sannan na zaro 'yar sukudirebar nan daga aljihu na ɗora a kai. Ta dubi fanel ɗin, ta dube ni.

"Baba, ai wannan ba shi da wurin sa sukudireba."

"Na sani. Riƙe ta dai, don kada in nemo masa."

Ranar da ta kunna shi na ɗauka bai tashi ba. Kan injin na ta kai da komo, roba na sauka sahu kan sahu, amma ba abin da nake ji sai hucin 'yar fanka. Na matsa, na kai kunnena har ya kusa taɓa ƙarfen. Shiru. Ba zan ɓoye muku ba, ji na yi kamar na yi sallama a gidan da na saba shiga aka ƙi amsawa. Na fita na zauna gindin darbejiya. Malam Isiyaku ya zo wucewa, ya tambaye ni ko mun sayar da injin ne. Na ce yana ciki yana aiki. Ya ce alhamdu lillahi, ashe shi ma ya yi sauka.

Haƙorin ya fito sumul, tsininsa duk kai ɗaya. Sa shi a keke kuwa aikina ne, nan ba ta taya ni ba. Na ɗaura, na ɗiga mai, na juya wilin, na rufe ido. Keken Ilu ya yi magana da muryar da na sani, tas-tas, babu tangarɗa. Da Ilu ya zo ya gama wuyan rigar nan da ya bari, ya ɗora wata. Sannan ya tashi ya gaishe da Zulai da hannu biyu a ƙirji, ya ce da ma ya san hankalin gidan nan ta wajen uwa ya biyo. An yanke gero, an ɗaure, an kai rumbu. Akwatin Zulai ya koma kan durowa, ban san ranar da ta mayar da shi ba.

Yau in tela ya taso daga Sule Tankarkar ko Maigatari ba ya cewa zai je wajen Garba Kunne, sai ya ce wajen Zulai. Ni ne mai nuna musu benci. Ta yi aure a nan cikin gari, kullum da hantsi tana rumfa. Da ta ƙara sola ta sayo 'yar kwamfutar nan, ta koma manhajar da ranta ke so tun farko. Ba ta yi shawara da ni ba, kuma ta kyauta. Tsohon fanel ɗin yana nan rataye a ƙusa, 'ya'yanku in sun zo sukan sauko da shi su jinjina suna kwaikwayon fuskata, na san kuma wanda ya koya musu. Ban da wani ƙorafi. Kekuna har yanzu suna magana da ni, ina cin tuwona da ɗumi, kuma kunnen hagun ma ya fara ritaya da kansa, kun ga Allah ya san abin da ya sa ya kawo injin shiru a kan lokaci.

Sai dai abu ɗaya. Kwanan baya na shigo gida da la'asar, na tarar da Innarku tana sheƙe riɗi a tsakar gida. Don neman magana na ce mata ni fa har gobe zuciyata ba ta gama yarda da injin nan ba, don duk abin da ke aiki bai yi ƙara ba, ba ka san abin da ke cikinsa ba. Ni da kuka sani ba a kayar da ni a baki, ko Ilu sai ya shirya, amma abin da ta faɗa ranar har yau yana nan ban ba shi amsa ba. Ta bubbuga faifan, ta hure ƙaiƙayin, ta ce:

"Ni ma tun kafin a haifi babban ɗanka nake aiki a gidan nan ba ƙara, Malam. Yaushe ka taɓa jawo kujera ka kasa kunne?"